Rabin Gadon da Fim ɗin Hausa Ya Ɗauko

Fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, kuma har yau idan aka ambace shi a gaban wanda ya kalle shi a wancan lokaci, waƙarsa ce take fara zuwa masa baki. Labarin yarima da yarinyar da ke aikatau a gidan sarauta sai an ɗan yi tunani kafin a warware shi, amma karin waƙar yana nan daram a kunne. Haka abin yake ga Wasila na 2000, haka yake ga ɗaruruwan finafinan da suka bi bayansu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin gurbin da waƙa ta samu a fim ɗin Hausa. Sai dai kiɗa aiki biyu yake yi a fim. Akwai waƙar da ake tsayar da labari a rera, kowa ya san an zo wurinta. Akwai kuma kiɗan da ke bin labari ta ƙarƙashi, ba a tsaya dominsa, mai kallo ma bai cika lura da shi ba, alhali shi ne yake gaya wa zuciyarsa yaushe za ta tsinke, yaushe za ta kwanta. Abin da nake gani shi ne masana'antar fim ta Hausa ta rungumi aikin farko da hannu biyu, ta yi arziki da shi, ta sha suka a kansa, ta shafe shekara talatin ana jayayya a kan halaccinsa, ta bar na biyun babu mai kula. Yanzu da waƙar ta fice daga cikin fim ta kama gabanta, gibin ya fito fili.

Kunnen Bahaushe ya saba da kiɗan fim tun kafin a yi mafarkin Kannywood. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, Palace ta biyo baya a 1952 a cikin birni, sannan aka sami irin su Plaza da Orion da Queens da Marhaba, a Kaduna da Zariya da Jos da Sakkwato ma kowane gari da nasa. Yawancin masu gidajen Kwarori ne 'yan Labanan, kuma su suka fara kawo finafinan Indiya suna gwada su tare da na kaboyi da na Ingila. Ba a daɗe ba na Indiya suka yi wa sauran fintinkau. Daga ƙarshen shekarun 1970 gidan talabijin na NTA Kano ya shigar da su har cikin ɗakunan matan aure waɗanda ba su taɓa taka ƙofar silima ba. Fim ɗin da ya iso musu kuwa da waƙa aka haife shi. Alam Ara, fim ɗin Indiya na farko mai magana, ya fito a 1931 ɗauke da waƙoƙi bakwai, kuma daga 1935 aka soma dabarar da ta zama ƙa'ida, wato mawaƙi ya rera a situdiyo, jarumi ya motsa baki a gaban kyamara. Ta haka muryar Lata Mangeshkar da ta Mohammed Rafi da ta Kishore Kumar suka zama sanannu a Fagge da Tudun Wada a wurin mutanen da ba su jin ko kalma goma ta Hindi. Rashin jin harshen ma shi ya ƙara wa kiɗan nauyi, domin wanda ba ya fahimtar abin da ake faɗa, da amo yake gane cewa an rabu, ko an haɗu, ko uwa ta rasa ɗanta. Masu bandiri suka ɗauki karin waɗannan waƙoƙi suka ɗora musu begen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, al'amarin da Brian Larkin ya yi nazari a kansa, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin yadda karin Indiya ya shiga bakin mawaƙan Hausa. Kafin a ɗauki fim ɗin bidiyo ko guda, an riga an yi yarjejeniya tsakanin mai kallo da allo cewa fim abu ne mai waƙa.

Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma finafinan farko sun fi kama da wasan kwaikwayon talabijin da jama'a suka saba gani a CTV da NTA. Abin da ya juya akalar shi ne fiyano, wato irin na Casio da Yamaha masu ɗauke da sautin kayan kiɗa iri-iri a ciki. Da situdiyo irin na Iyan-Tama a Kano suka mallaki fiyanon Yamaha a tsakiyar shekarun 1990, mutum ɗaya da yatsunsa goma ya zama shi ne ganga, shi ne sarewa, shi ne goge. Ba sai an tara makaɗa an ciyar da su an sallame su ba. Daga nan kiɗan da aka laƙaba wa suna nanaye ya tashi, namiji da mace suna musayar baiti, kuma aka sami zuriyar mawaƙan bayan fage: Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Sadi Sidi Sharifai, Yakubu Muhammad, Fati Nijar, Maryam A. Baba, daga baya su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef. Kasuwa kuwa ta gane darajar abin nan da nan. Ana sakin kaset ɗin waƙoƙi kafin fim, 'yan acaba da masu shagon aski da gidajen rediyo su yi masa talla kyauta, a saka guntun waƙar a farkon kaset ɗin wani fim, kafin ranar fitowa 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai sun riga sun san kwafi nawa za su iya sayarwa. Ya kai ga ana fara yin waƙa, sannan a nemi labarin da za a rataya mata.

Duk da wannan, kuskure ne a ɗauka cewa ciniki kaɗai waƙar take yi. Tana da aiki a cikin labarin kansa, kuma aikin ya samo asali daga kunya. Rayuwar Bahaushe cike take da maganganun da ba a furtawa. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa tana kawar da kai daga ɗanta na fari, budurwa ba ta duban mahaifinta ta ce ga wanda take so, suruki yana sunkuyar da kai a gaban surukinsa. Mai shirya fim yana son ya nuna soyayya, amma jaruminsa ba zai taɓa hannun jaruma ba, kuma idan ya sa ta ta faɗi abin da ke ranta ƙarara a tsakar gida, mai kallo zai ce wannan ba 'yar gidan mutunci ba ce, ko ya ce ƙarya ake yi, ba haka muke magana ba. Waƙa ita ce ta warware masa wannan ƙulli. Da zarar kiɗa ya tashi, kowa ya yarda an fita daga tsakar gida an shiga cikin zuciya, abin da aka faɗa a nan ba a ɗora wa yarinyar laifin rashin kunya. Ga kuma wata kariya ta biyu: muryar ma ba tata ba ce, ta wata ce a situdiyo. Saboda haka fim yakan kai labari har bakin abin da ba ya faɗuwa, sai ya miƙa wa waƙa ta ƙarasa. Yarinyar da aka yi wa auren dole, matar da aka yi wa kishiya ba shawara, saurayin da talauci ya hana shi wadda yake so, duk a cikin waƙa suka sami bakin magana. Matan kulle da suka riƙa aiken yara sayen kaset ɗin nan ba rawa kaɗai suke saye ba, suna sayen wani wanda zai faɗi abin da su ba su da damar faɗa.

Wannan ne ya sa ban gamsu da hukuncin da aka fi yankewa ba, cewa waƙar fim ɗin Hausa kwaikwayon Indiya ce kawai. Akwai gaskiya a cikin zargin, kuma ba ƙarama ba. An ɗauko kari sukutum, an ɗauko guje-guje a cikin furanni, an ɗauko sauya tufafi sau biyar a waƙa guda, wani lokaci har labarin gaba ɗaya. Amma dabarar faɗin abin da ba ya faɗuwa ta hanyar waƙa ta girmi silimar Rex nesa ba kusa ba. A cikin tatsuniya, marainiyar da kishiyar uwa ta zalunta ba ta kai ƙara, waƙa take rerawa a bakin rafi, kuma da waƙa tsuntsu yake tona asirin wanda ya yi kisa. Mai ba da tatsuniya takan tsayar da labari ta rera, yara su amsa, sannan ta ci gaba. Mace a kan dutsen niƙa ko a bakin turmi tana aika wa kishiya da uwar miji saƙon da ba za ta iya faɗa musu ido da ido ba. 'Yan mata a dandali suna ambaton samarinsu a waƙar gaɗa, wasannin tashe kuwa kusan kowanne da waƙarsa. Abin da Indiya ta kawo shi ne siffa da tufafi da hanyar ɗaukar hoto. Dalilin da ya sa siffar ta zauna daram, alhali ta kaboyi da ta 'yan Chana ba ta zauna haka ba, shi ne ta tarar da gurbinta a shirye.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ta malamai ce da iyaye. Sun ce rawar namiji da mace a bainar jama'a ba tarbiyyar Musulmi ba ce, kuma fim yana shiga gidajen da malami ba ya shiga. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001, kuma daga 2007, zamanin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim, takunkumi ya tsananta ƙwarai a kan rawa da waƙa. Ba na cikin masu yi wa wannan damuwa kallon raini. Akwai lokacin da gasar kasuwa ta sa waƙa ta rabu da labari kwata-kwata, ta koma baje kolin jiki da sutura, ana cusa ta a inda babu abin da ya kira ta, kuma iyayen da suka ƙi wannan suna da hujja. Inda nake da ja shi ne yadda muhawarar ta cinye duk wani tunani game da kiɗa. Shekara da shekaru tambayar guda ce, a yi rawa ko kada a yi, a sa gyale ko a cire, a tsaya nesa da juna taku nawa. Masu tacewa suna kallon jiki, masu shiryawa suna kallon aljihu, babu ɓangaren da ya tambayi me kiɗa yake yi a sauran minti tamanin na fim ɗin da ba a rawa. Wanda ya ƙi waƙa da wanda ya kare ta sun haɗu a kan zato ɗaya, cewa kiɗan fim shi ne waƙa, in an cire ta babu sauran magana.

Alhali finafinan Indiyan da aka koya daga gare su ba haka suke ba. A ɗauki Sholay na 1975, wanda da wuya a sami tsohon mai zuwa silima a Arewa da bai gan shi ba. R. D. Burman ya yi masa waƙoƙin da suka shahara, amma soyayyar da ta fi taɓa zuciya a fim ɗin ba ta da waƙa ko ɗaya. Jai, wanda Amitabh Bachchan ya fito a matsayinsa, yana son Radha, matar da mijinta ya rasu, wadda al'ada ta ɗaure mata baki da farin tufafi. Da almuru yakan zauna yana busa hamonika, ita kuma tana zagayawa a bene tana kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce uffan. Busar nan ita ce dukan zancen da ke tsakaninsu, kuma idan karin ya dawo daga baya, mai kallo ya san abin da aka rasa ba tare da an gaya masa ba. A fim ɗin dai, ɗan fashi Gabbar Singh yana da wani sauti mai tayar da tsikar jiki da ke riga shi isowa. Babu wata al'umma da ta fi Hausawa dacewa da irin wannan soyayya ta kawaici, amma abin da aka ɗebo daga Indiya shi ne furanni, aka bar hamonika. A Amurka, inda aka daina tsayar da yawancin finafinai don waƙa tun da daɗewa, wannan ɓangare shi ne sana'ar gaba ɗaya. Max Steiner ya nuna ƙarfinsa a King Kong na 1933. Alfred Hitchcock ya so a bar wurin kisan banɗaki na Psycho babu kiɗa a 1960, Bernard Herrmann ya rubuta masa kukan goge mai kaifi, da Hitchcock ya ji sai ya sauya ra'ayi. A Jaws na 1975, John Williams ya yi amfani da sauti biyu kacal suna maimaituwa, mai kallo ya riƙa jin kifin da aka gina labarin a kansa yana tahowa tun ba a nuna shi ba. A Italiya kuma Sergio Leone yakan sa Ennio Morricone ya gama kiɗa kafin a fara ɗauka, a kunna shi a wurin aiki domin 'yan wasa su yi tafiya da amonsa.

Idan aka dawo gida aka saurari abin da ke ƙarƙashin maganganu a yawancin finafinan kaset da na CD, za a ji yadda aka yi wa wannan fanni riƙon sakainar kashi. Sautin baƙin ciki guda ne, ana ciro shi daga fiyano ko daga wani fim ɗin waje, a shimfiɗa shi ko mutuwa aka yi ko saki ko ɓatan kuɗi. Na barkwanci ma guda ne, yana gaya wa mai kallo ya yi dariya tun ɗan wasa bai buɗe baki ba. Sau da yawa kiɗan yana danne magana, ko ya yanke tsakiyar kari saboda edita ya kai ƙarshen fitowa. Ba ƙarancin basira ya jawo haka ba, domin mutanen da suka iya tsara karin da ya zauna a kunne shekara ashirin da biyar ba za a ce ba su da kunne ba. Tsarin aikin ne bai ba abin gurbi ba. Mawaƙi yana da suna a fosta, yana da kuɗinsa a kasafi, ana neman sa tun kafin a rubuta labari. Kiɗan ƙarƙashi kuwa sai an gama komai, kuɗi sun ƙare, ranar kai fim kasuwa ta matso, sannan a bar wa edita ya lalubo abin da ya samu a kwamfutarsa.

Muddin waƙa tana cikin fim, wannan rauni bai dami kowa ba, saboda ita take ɗauke da nauyin motsa zuciya. To, ga shi zamani ya raba su. Satar fasaha da tura finafinai ta waya sun karya kasuwar CD, finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa irin na Algaita suka kwashe wani kaso na masu kallo. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa ya nuna cewa ana iya riƙe jama'a mako bayan mako ba tare da rawa ba, Kwana Casa'in ya bi sahu da labarin siyasa, sannan a 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka tabbatar da cewa shiri mai dogon zango shi ne sabuwar kasuwa. A ɗaya ɓangaren, mawaƙi ya gano ba ya bukatar fim. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi a 2020 ba tare da ta jingina da wani labari ba, kuma yau YouTube da TikTok da gidajen biki su ne kasuwar mawaƙa. Kowa ya samu abin da yake nema: malami ya ga rawa ta ragu a fim, mawaƙi ya sami 'yancinsa, furodusa ya huta da kuɗin ɗaukar waƙa. Amma aikin da waƙar take yi bai tafi tare da ita ba. Kunya tana nan, abin da ba ya faɗuwa yana nan. Abin da ya maye gurbin a shirye-shirye da yawa shi ne surutu. Jaruma takan zauna a falo ta yi minti biyar tana bayyana wa ƙawarta abin da take ji, sannan ƙawar ta je ta maimaita wa wani. Hoto ya yi kyau ƙwarai, kyamarori sun inganta, har da masu tashi sama, amma kunne bai sami rabonsa daga wannan ci gaba ba. Akwai shirye-shiryen da suka fara kula da waƙar buɗewa da wani kari da ake gane su da shi, kuma wannan alama ce mai kyau, sai dai har yanzu tsiraru ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dabarar da ake bukata tana cikin gida. A ƙasar Hausa kiɗa ya daɗe yana kiran mutum ba tare da an buɗe baki ba. Sarki yana da takensa, idan tambari ko kakaki ko algaita suka ɗauka, mutanen gari sun san wanda ya fito tun ba su hango lema ba. Ɗan dambe yana da nasa, mai kalangu yana kaɗa shi sai ka ga mutum ya miƙe tsikar jikinsa ta tashi, 'yan kallo kuma sun san wa ake kira. Mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, mafarauta da 'yan tauri kowa da abin da ke motsa shi, a fagen bori ma kowane iska da karin da ake kiransa da shi a garaya ko goge. Ma'ana, Bahaushe ya taso yana jin gajeren kari ya danganta shi da mutum, da sana'a, da matsayi, da tarihi. Wannan shi ne ainihin abin da Williams ya yi wa kifinsa, shi ne abin da Burman ya yi wa Gabbar. Mai shirin da zai kai kashi ɗari yana da damar da mai fim ɗin awa biyu bai taɓa samu ba: ya ba kowane babban ɗan wasa takensa, ya bar mai kallo ya saba da shi, sannan ya riƙa juya shi. Taken da aka saba ji da ƙarfin kalangu ranar da mutum yake kan mulki, a dawo da shi a sanyaye da gurmi ranar da aka tuɓe shi. Taken uwa da ta rasu ya ɗan ratso lokacin da ɗanta zai yanke shawarar da za ta ɓata mata rai. Budurwa ta yi shiru a gaban mahaifinta, amma a ji taken wanda take so. Babu rawa a nan, babu abin da hukumar tacewa za ta yanke, kuma kunya ba ta taɓu ba.

Za a ce kayan kiɗan gargajiya sun dace da fim ɗin sarauta da na ƙauye, amma labarin ɗan kasuwar Abuja ko ɗalibar jami'a fa? Wannan tunani shi ya sa kukuma da kuntigi da shantu ba sa fitowa a fim sai an nuna bukka. Amsarsa ta zo daga inda ba a zata ba. Lokacin da aka ba Ludwig Göransson, ɗan ƙasar Suwidin, aikin kiɗan Black Panther na 2018, fim ɗin da ke cike da jiragen sama da na'urorin da ba a ƙirƙira ba tukuna, Senegal ya tafi ya bi Baaba Maal. Ya ɗauki sautin tama, ƙaramar gangar hammata 'yar'uwar kalangu, ya sa makaɗi ya kira sunan sarkin labarin da ita, wannan ya zama taken jarumin, ya haɗa shi da manyan kayan busa na Turai da kiɗan zamani. Aikin ya ci kyautar Oscar a 2019. Tun kafin wannan, Usman Sembene ya ba Manu Dibango kiɗan Ceddo a 1977, Sulaiman Cisse na Mali ya sa Salif Keita a aikin Yeelen na 1987. Ba ana cewa a jefar da fiyano ba ne, domin shi ma ya zama namu, nanaye ta riga ta zama kiɗan Hausa ko an so ko an ƙi. Ana cewa ne kayan kiɗa ba su da ƙauye ko birni, yadda aka sarrafa su ne yake ba su ma'ana. Akwai dai wani shinge na gaske da ba a cika faɗa ba, wato kallon da al'umma take yi wa makaɗin gargajiya a matsayin maroƙi. Matashin da ya koyi fiyano yana ganin kansa ma'aikacin situdiyo, ba ya son a haɗa shi da mai bin gidan suna. Wannan ƙyama ta raba masu na'ura da masu ilimin take, kuma kowace shekara tsofaffin da suka san wane kari ne na wane suna raguwa. Mamman Shata ya rasu a 1999, shekarar da Sangaya ya fito, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma waɗanda suka yi musu kiɗa da amshi ba su da yawa a raye.

Hujja ta ƙarshe ita ce kuɗi, kuma ita ce furodusa zai fara kawowa. Shirin da ke fita kowane mako, wanda abin da YouTube ke biya da ɗan tallan da aka samu suke riƙe da shi, ina ya ga rarar ɗaukar mai tsara kiɗa? Lissafin ya sauya fiye da yadda ake zato. A zamanin kaset babu mai bin sawun sautin da aka ciro daga fim ɗin wani. Yau YouTube yana da na'urar da ke gane kiɗan da ke da mai shi, kuma idan ta gane, kuɗin tallan wannan bidiyo yana iya komawa aljihun mai kiɗan, ko a toshe bidiyon gaba ɗaya. Duk wata babbar manhajar kallo da za ta sayi fim sai ta nemi shaidar mallakar kowane sauti da ke ciki. Kiɗan aro ya zama bashi, na kai kuma ya zama kadara da za a iya sayarwa daban. Sannan tsarin take ba ya bukatar makaɗa saba'in irin na Hollywood. Kari shida ko bakwai ne, a ɗauke su sau ɗaya da mai kalangu da mai gurmi da mai sarewa da mai fiyano, kowanne a yi shi da sauri da sanyi, da fushi da taushi, a ajiye su a yi ta amfani da su har ƙarshen zango. Kuɗin bai kai na ɗaukar waƙar rawa guda da ake yi a da ba, wadda take cin kwanaki da sutura da hayar wurin shaƙatawa. Abin da zai sauya shi ne lokacin da ake kiran mai kiɗa. A ba shi labari tun yana kan takarda, ya zauna da darakta su ware inda za a sa sauti da inda za a bar shiru, a rubuta sunansa a farkon shiri kusa da na marubuci, kuma masu ba da kyaututtukan masana'antar su ware masa rukuninsa daban da na gwarzon mawaƙi.